SHAWARAR WATA: A RAGE ƘYALLE TUN ISKA BA TA ISO BA

Bazara ta yi nisa, damana ta ƙarato. A ƙasar Rumbu, cikin gundumar Dakoro, kowa ya san abin da ke zuwa gaban ruwan farko. Iska ce. Gabas ta yi ja, ƙura ta taso kamar bango, kafin a ankara ta faɗa wa gari. Ita ce ke yaye jinkar rumbu. Ita ce ke kwashe rumfar kasuwa, ta yage tantin makiyayi, ta ɗaga kwanon rufi ta jefa shi gidan maƙwabci. Wani lokaci ma ruwan ba ya zuwa, sai holoƙo kawai. Ga ɓarna, ga ba a yi shuka ba.

Maganarmu ta wannan wata guda ɗaya ce. Duk abin da iska za ta iya kamawa, a rage shi, a sauke shi ƙasa, a ɗaure shi, tun tana nesa. Wannan dabara ce ta masu jirgin ruwa. Bari mu ga yadda suke yi, sannan mu kawo ta gida.

JIRGIN DA ISKA KE TURAWA

Babu kogi a Rumbu, balle teku. Amma kakanninmu da suka je hajji a ƙasa sun san irin wannan jirgi. Sun bi ta Cadi, sun ratsa Darfur, har suka kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan. Daga nan zuwa Jidda akwai ruwa fiye da kilomita 300. Da yawa daga cikinsu sun ƙetare cikin jiragen katako marasa inji. A tsakiyar jirgin akwai dogon icce a tsaye. Jikinsa ake ɗaura wani babban ƙyalle mai kauri. Iska ta cika ƙyallen, ta tura jirgin gaba. A kogin Kwara ma, wanda ya ratsa Yamai, masu kwalekwale na wajen Mopti a ƙasar Mali suna ɗinka buhuna su yi irin wannan ƙyalle.

To, iskar da ke tafiyar da jirgi ita ce kuma ke iya halaka shi. In ta yi ƙarfi ƙyallen kuma yana buɗe duka, jirgi zai karkata gefe ɗaya, ruwa ya shiga. Ko ƙyallen ya yage, ko iccen ya karye. Saboda haka matuƙa ke rage ƙyallen. A jiragen katako na Bahar Maliya, sai a sauke babban ƙyalle a ɗaga ƙarami. A jiragen zamani kuwa, ƙyallen yana da layi 2 ko 3 na ƙofofi da gajerun igiyoyi. Ana sauke shi zuwa layin da ake so, a naɗe na ƙasa a ɗaure.

Ga yadda aikin yake bi da bi:

1. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, ya ɗaura kansa jikin jirgi da igiya.
2. Matuƙi ya juya goshin jirgi wajen da iska ke fitowa, don ƙyallen ya yi sako-sako.
3. A sassauta igiyar da ke jan gindin ƙyallen.
4. A sauke ƙyallen a hankali zuwa layin da aka zaɓa.
5. A fara kama kusurwar gaba, wadda ke wajen iska, a sake ɗame igiyar sama, sannan a ja kusurwar baya.
6. A naɗe ragowar ƙyallen, a ɗaure shi kada ya riƙa kaɗawa.

Matuƙa suna da wata doka da suke koya wa yaransu. Da zarar zuciyarka ta raya maka cewa ko ya kamata a rage ƙyalle, to lokaci ya yi ke nan. Dalili shi ne, in ka rage iskar ba ta zo ba, kwancewa ba wuya. In kuwa ka jira har ta zo, jirgi yana rawa, igiya tana bulala, mutum yana iya faɗawa ruwa. Kuma sun lura da wani abu: cikin iska mai ƙarfi, jirgin da aka rage wa ƙyalle yakan miƙe tsaye, ya yi tafiya daidai, gudunsa bai ragu sosai ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

LISSAFIN ƘARFIN ISKA

Me ya sa ake gaggawa haka? Ga lissafi, ku karanta a hankali. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin turinta yana ninkawa sau 4. In gudun ya ninka sau 3, ƙarfin ya ninka sau 9.

Mu ɗauki tamfol, wato babban tantin nan na leda da ake rufe rumfa ko kaya da shi. Mu ce tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4. Iska tana bugunsa gaba da gaba.

In tana gudun kilomita 36 a awa, turinta ya kai nauyin kilo 125. Buhun hatsi ɗaya ke nan da ɗan ƙari. Dirka mai kyau tana iya jurewa.

In ta kai kilomita 72 a awa, turin ya kai wajen kilo 500. Buhu 5 ke nan na kilo 100, duka a kan igiya da dirka. Iskar gaban hadari takan kai haka, wani lokaci ta wuce.

In ka ninka tamfol ɗin biyu, ka rage rabin nauyin. In ka kwantar da shi ƙasa ka danne, iska ba ta da abin kamawa. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Maganinta a rage kayan.

YADDA ZA KA AUNA ISKA DA IDO

Ba mu da na'urar awon iska a ƙauye. Amma a shekarar 1805 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, mai suna Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin iska hawa-hawa, daga 0 zuwa 12. Daga baya aka ƙara masa alamomin da ake gani a tudu. Ga waɗanda suka shafe mu:

Hawa na 4: ƙura na tashi, ƙananan rassa na motsi. Kilomita 20 zuwa 28 a awa.
Hawa na 5: ƙananan itatuwa masu ganye na rangaji. Kilomita 29 zuwa 38.
Hawa na 6: manyan rassa na motsi. Kilomita 39 zuwa 49.
Hawa na 7: icce duka na girgiza, tafiya gaba da iska na da wuya. Kilomita 50 zuwa 61.
Hawa na 8: ƙananan rassa na karyewa. Kilomita 62 zuwa 74.
Hawa na 10: itatuwa na tumɓukewa. Kilomita 89 zuwa 102.

Masu ƙananan jirage suna fara rage ƙyalle tun a hawa na 4 ko na 5. Mu ma haka. In ka ga ƙaramar aduwa ko magarya ta fara rangaji, tashi ka kama aiki. In manyan rassan gawo sun fara motsi, lokacin sauke tamfol cikin sauƙi ya wuce.

HALIN HADARIN ƘASARMU

Manyan hadarurrukan damana daga gabas suke tasowa, su nufi yamma. Suna tafe cikin layi mai tsawo, da gudun wajen kilomita 50 a awa. Amma akwai yaudara a ciki. Kafin su iso, iskar da ke kaɗawa ta kudu maso yamma ce, mai laima. Sai ta tsaya cik. Gari ya yi tsit, zafi ya dame kowa. Daga nan sai iska mai sanyi ta bugo daga gabas da ƙarfi, ƙura a gabanta, ruwa a bayanta. Wanda ya gyara rumfarsa don iskar yamma, sai ta gabas ta shammace shi.

Wannan tsit ɗin da gari ke yi, shi ne lokacinka na ƙarshe. Kada ka ɓata shi wajen kallon sama.

Akwai kuma ƙidayar tsawa. In ka ga walƙiya, fara ƙidaya a hankali, daƙiƙa-daƙiƙa, har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ka ƙirga 30, hadarin yana nesa da kilomita 10. Da irin gudunsa, abin da ya rage maka bai wuce minti 12 ba. Iskar kuma tana riga ruwan isowa.

Waya ma tana da amfani a nan. In hadari ya wuce garinku, kira danginka da ke yamma. Garin da ke nesa da kilomita 25 ya sami rabin awa ke nan na shiri. Daga shekarar 2010 ƙungiyar CARE ta yi aiki da ƙauyukan Rumbu, Azagor, Badar Gula da Soli Tagiris kan awon ruwan sama da kai labari da wuri. Kyakkyawar al'ada ce, a riƙe ta. A kuma saurari sanarwar ma'aikatar yanayi ta ƙasa da ake bayarwa a rediyo.

RUMFAR KASUWA DA TAMFOL

Ranar kasuwar Sakabal, rumfuna suna cike da kaya: hatsi, sukari, atamfa, gishirin bisashe. Mai kaya yakan ce bari in sallami mutum ɗaya tukuna. Wannan mutum ɗayan ne ke jawo asarar kayan duka. Ga yadda za a yi, kamar masu jirgi:

1. A kira mutum 2 ko 3. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya ya ba da umurni, sauran su bi.
2. A fara da gefen gabas. A sauke bakin tamfol na wannan gefe har ƙasa, a danne shi da buhunan rairayi. Ta haka iska za ta bi ta samansa. In ta shiga ƙarƙashi, ɗaga shi za ta yi.
3. Kada a kwance igiyoyi duka lokaci guda. A kwance ɗaya, a ninka, a ɗaure, sannan a koma ta gaba.
4. A sauke dirkokin gaba, ko a cire su, rumfa ta gajarce.
5. A tara kaya wuri ɗaya, a lulluɓe, a ratsa igiya ta sama a ɗame.
6. Kada a bar wani gefe yana kaɗawa. Kaɗawar ce ke yage tamfol. Ƙaramar yaga kuma a ɗinke ta yau, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ƙofar igiyar tamfol ta yage, ga dabara. Sa ɗan dutse mai santsi ko ƙwallon aduwa a jikin tamfol, ka tattaro ledar ta rufe shi, ka ɗaure igiya a wuyansa. Yana riƙewa da kyau.

A kula da ruwa kuma. Tamfol ɗin da aka shimfiɗa babu gangare yana tara ruwa a tsakiya. Ruwan sama na milimita 20 a kan wancan tamfol na mita 5 da 4 ya kai lita 400. Ganga 2 ke nan masu lita 200, nauyin kilo 400. Saboda haka a bar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ruwa ya gangare.

TURKE, IGIYA DA ƘULLI

Ƙasar Rumbu rairayi ce. Turken da aka kafa a miƙe, iska tana zare shi kamar ƙaya. A kafa shi a karkace, kansa yana kallon nesa da tanti. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne a ɗaura igiya tsakiyar guntun icce, a haƙa rami kamu ɗaya, a kwantar da iccen a gicciye, a binne, a tattake.

Igiyar leda da ta sha rana tun kaka ta riga ta mutu, ko da ido na ganinta lafiya. Murɗa ta ka gani. In tana zubar da gari, canza ta. In ka sa guntun robar cikin taya tsakanin igiya da turke, robar za ta riƙa shanye fizgar iska.

Ƙulli iri biyu ake bukata. Na naɗe ƙyalle shi ne na masu jirgi: dama kan hagu, sannan hagu kan dama. Yana kwanciya lafiya, kwance shi ba wuya. Amma kada a haɗa igiya biyu masu ɗaukar nauyi da shi, yana iya zamewa. Na biyu shi ne ƙullin da ake barin hanci, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Shi ya dace da igiyar da za a so saki da gaggawa. A ajiye wuƙa kusa.

TANTIN MAKIYAYA

Makiyayan kwarin Tarka sun daɗe da sanin wannan ilimi. Dubi tantin Buzaye: gajere ne, bayansa a gangare, ƙofarsa takan dubi yamma. Dubi zaman Fulani Wodaɓe: shingen rassa yana gabas, gida yana kallon yamma. Magabatan manoma ma ba su cika sa ƙofar ɗaki ta dubi gabas ba. Duka dalili ɗaya ne.

Abin da ya canza shi ne tamfol na leda ya shigo ruga. Ya fi fata da tabarma rashin nauyi, iska kuma ba ta ratsa shi ko kaɗan. Don haka ya fi su saurin tashi. Mai tamfol ya kafa shi ƙasa-ƙasa. Ya ratsa igiya 2 ko 3 ta samansa, daga turke zuwa turke. Ya rufe bakin gabas da rairayi. Uwargida ta tattara ƙore da kwanoni cikin buhu tun da la'asar, ta kashe wutar murhu da ƙasa. Garwashi ɗaya cikin iska ya isa ya cinye ruga da makiyaya.

Kada a kafa zango cikin kwari ko hanyar ruwa don gudun iska. Ruwan dare yana zuwa ba sallama.

JINKA, KWANO DA FARANTIN SOLA

Waɗannan ba a ninka su ranar hadari. Aikinsu tun watan Afrilu da Mayu ake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jinkar rumbu: a ratsa igiya 2 ta kan ƙololuwa, su gicciya juna, a ɗaure bakinsu 4 a gindin rumbu. Rumbun da jinkarsa ta tashi cikin dare, ruwa ya shiga, cimakar iyali da irin shuka ne suka jiƙe.

Kwanon rufi, wato tol: iska tana fara ɗaga shi daga kusurwa da baki. A ƙara ƙusa a waɗannan wurare. A ɗaure itacen rufin jikin gini da waya mai kauri, don sau da yawa kwano da itacensa tare suke tashi. In hadari ya taso a rufe ƙofa da taga, musamman na gabas. Iskar da ta shiga ɗaki tana tura rufi daga ciki.

Farantin sola: wanda aka ɗora kan rufi ba ɗauri, a sauke shi a shigar ɗaki. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Azuzuwan zana na makaranta: iyaye su duba dirkoki da ɗauri. In gabas ta yi ja, malam ya fitar da yara zuwa gini mai ƙarfi tun da wuri.

RAI YA FI KAYA

Matuƙin jirgi yana fara tsare kansa kafin ya taɓa ƙyalle. Mu ma mu kiyaye waɗannan:

Kada ka naɗa igiyar tamfol a hannu ko a ƙugu. Fizga ɗaya tana iya karya yatsa, ko ta ja mutum ƙasa.
In tamfol ya ƙwace, sake shi. Gobe a same shi jikin ƙaya.
Kada kowa ya hau rufi ko rumbu bayan iska ta fara.
Kwanon da iska ta ɗauko yana yanka kamar takobi. A shigar da yara da tsofaffi ɗaki tun farko.
Kada mutum ko garke su fake ƙarƙashin dogon icce da ke tsaye shi kaɗai. Aradu ta fi faɗa wa irinsa, reshe kuma yana iya karyowa.
A nisanci tsohon bangon ƙasa da ya tsage.

ICCE MA YANA RAGE ISKA

Akwai aikin da ya fi na shekara ɗaya. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, don tare iska. A jihar Maradi kuma, tun daga 1983 manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi har ya zama icce. Layin itatuwa yana kare fili mai tsawon wajen ninki 10 na tsayinsa. Layin da ya kai mita 5 yana sassauta iska har mita 50 a bayansa. A bar aduwa, kalgo da sabara su girma gabas da gida da gona. Hatsin da ya tsiro ma zai tsira daga bugun rairayi.

Ƴan'uwa, ga aikin wannan mako. Kowane mai gida ya zagaya gidansa. Ya taɓa kowace igiya, ya girgiza kowace dirka. Ya faɗa wa iyalinsa aikin kowa in hadari ya taso: wane zai sauke tamfol, wane zai kora bisashe, wace za ta kashe wuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi a dandali.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga sharrin iska. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.